A Rumfar Mai Faci a Paiko

Paiko tana kan titin Minna zuwa Suleja, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Paikoro, garin Gwarawa manoman doya. Baƙon da ya taho daga Kano irina, abin da zai fara ɗauke masa ido shi ne babura da a-kori-kura maƙare da doya, tayoyi duk sun lotsa. Masu faci a nan ba sa rasa aiki.

A rumfar wani dattijo na yada zango. Ya kankare bakin hujin tub, ya shafa solushan, sai ya ajiye ya ci gaba da hira. Mai babur ɗin da ake yi wa facin ya ƙosa: "Baba, a manna mana, sauri nake." Ko ɗago kai bai yi ba. "Yaro, in na manna bai sha iska ba, kafin ka kai Lambata ya saki."

Gaskiyar dattijon ce. Roba tarin zarurruka ce dogaye da ido ba ya gani, kuma a ɗanyar roba ba sa zama wuri ɗaya. Tun wajen 1960 wani masani ɗan Rasha, Voyutski, ya yi bayanin cewa roba biyu na kama juna ne idan zarurrukan wannan suka kutsa cikin waccan suka sarƙe. A 1971 Bafaranshe Pierre-Gilles de Gennes, wanda ya ci kyautar Nobel a 1991, ya nuna yadda suke tafiyar: jan ciki irin na maciji, a hankali. Ruwan da ke cikin solushan aikinsa ya sassauta fuskar tub ya buɗe musu hanya, sannan ya bushe. In aka rufe shi a ciki, mannin ya yi rauni.

Ita robar tub an riga an dafa ta da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844, don haka zarurrukanta a ɗaure suke. Shi ya sa dattijon ya ɗora ɗanyar roba, ya matse da ƙarfe, ya kunna wuta cikin tsohon fistin a samanta. Zafi na hanzarta kutsen, daga baya ya ƙulle abin da ya shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsantseninsa. Wurin da ya kankare, ba ya barin yatsan kowa ya taɓa, ko na yaronsa, domin maiƙo kaɗan ko ƙurar titi sun isa su tare hanyar.