Kurfotin Narayi da Iskar Hunturu

Duk wanda ya ratsa Narayi daga ɓangaren Barnawa da magariba zai ga garwashi na ƙyalli a ƙofar gidaje. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, na lura kurfoti ya dawo da martabarsa. Maƙeran Panteka kan ƙera shi da ragowar ƙarfe, marar nauyi, ko yaro ya ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne guntun kwanon rufi da mata ke kewaye shi da shi, kada iskar hunturu ta cinye gawayi kafin tuwo ya nuna. Masu hawan duwatsu a Turai don nishaɗi suke wannan dabara. A nan kuwa, tattalin kuɗin cefane ne, da sauran itatuwan dajinmu.