Daga Tashar Jambutu Zuwa Guangzhou: Yadda Na Ga Zaman 'Yan Uwanmu A Ƙasar Sin

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Jimeta ya san cewa yawancin wayoyin hannu, da fitilu masu aiki da hasken rana, da takalma, da jakunkunan mata daga ƙasar Sin suke fitowa. Na daɗe ina marmarin ganin yadda 'yan uwanmu masu turo kayan nan suke rayuwa a can. Da wani maƙwabcinmu da na taso ina ce masa Yaya, wanda ya jima a birnin Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwar Yola da Mubi sayayya, ya ce in zo in ga wuri, ban yi wata-wata ba.

Bayan sallar asuba na isa tashar Jambutu a keke napep. 'Yan kamasho na ta kiran Gombe, Bauchi, Jos, Abuja, masu shayi kuma sun riga sun hura wuta. Motarmu ba ta cika ba sai wajen ƙarfe 7. Muka haye gadar Numan, garin da kogin Gongola ke haɗuwa da Binuwai, muka ratsa gonakin rake, muka bi ta Cham da Kaltungo zuwa Gombe. A Bauchi muka yi azahar da la'asar, sanyin Jos ya tarbe mu da yamma, ba mu shiga Abuja ba sai bayan isha'i. Kimanin kilomita 800 ke nan a cikin awa 14, ga ramuka ga shingayen bincike. Da na sauka ƙafafuna duk sun kumbura.

Daga Abuja jirgin Habasha ya kai mu Adis Ababa cikin kimanin awa 5, daga can kuma muka yi sama da awa 10 a sama kafin mu sauka a filin jirgin Baiyun. Agogon Sin yana gaban namu da awa 7, don haka lokacin da jikina ke neman barci, gari ya daɗe da wayewa. Watan Oktoba ne, lokacin babban baje kolin Canton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, jirgin kuwa cike yake da 'yan kasuwar Afirka.

Yaya ya tarbe ni a bakin ƙofar fita. "Sannu da hanya, ƙanena. Yaya mutanen gida? Yaya su Inna?" Muka gaisa da Hausa muka ƙarasa da Fillanci, sannan ya ja ni muka gangara ƙarƙashin ƙasa. Muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari a layi na 3 zuwa Jiahewanggang, muka sauya zuwa layi na 2 har babbar tashar jirgin ƙasa, sannan layi na 5 ya sauke mu a Xiaobei, tasha ɗaya tal. Tafiyar wajen kilomita 30 ce, ta ci kusan awa guda, kuɗinta yuwan 7. Ba kwandasta, ba ciniki, ba jiran mota ta cika. Idan jirgi ya wuce ka, 'yan mintuna kaɗan wani zai iso. A 1997 aka buɗe layin farko, yau kuwa da wuya ka sami unguwar da jirgin bai kai ba a birnin da mutanensa suka haura miliyan 18.

Kafin in ajiye jaka in huta sai Yaya ya ce in ɗauko fasfo. Doka ta ce duk baƙon da ya sauka a gidan wani sai ya yi rajista a ofishin 'yan sanda cikin awa 24. Wanda ya sauka a otal, otal ɗin ne ke yi masa. Muka je, aka duba, aka ba ni takarda. Yaya ya ce, "Wannan da fasfonka, kada su rabu da aljihunka ko shago za ka leƙa."

Xiaobei ita ce unguwar da Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa. Da magariba, tsakanin dogon ginin Tianxiu da titin Baohan, cinkoson ya tuna mini da Kasuwar Jimeta ranar jajiberin sallah. Na ji Hausar Kano, da ta Damagaram, da ta 'yan zangon Kumasi, ga mutanen Mali da Gini da Sanagal suna nasu yaren. 'Yan uwanmu Ibo sun fi yawa a can Sanyuanli, wajen kasuwar Canaan, inda ake hada-hadar tufafi. Waɗanda suka daɗe sun ce abin da nake gani saura ne, don da yawa sun koma gida, wasu kuma sun ƙaura zuwa Foshan, maƙwabcin birni, inda haya ta fi sauƙi.

Ranar Yaya tana farawa ne a makare, saboda shaguna ba sa buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi. Takan kuma kai dare, don sai yamma ta yi a can sannan masu kaya a gida suke zama a shagunansu su fara kira. Na bi shi kasuwa na ga ciniki ba da baki ba. Mai shago ta danna farashi a kalkuleta ta miƙo, Yaya ya goge ya danna nasa, a yi ta yi har a daidaita. Sai ya ɗauki hoton samfur ya tura Yola, ya jira amsa. Idan an saya, sai a kai ma'ajiyar 'yan kago. Kayan sauri a auna su da kilo su bi jirgin sama, masu nauyi kuma su shiga kwantena, su yi sama da wata guda a teku kafin Legas, sannan tirela ta ɗauko su zuwa arewa. Ladansa 'yar kamasho ce, jarinsa kuwa amana, domin mutum zai turo masa miliyoyi ba tare da takarda ko shaida ba. Kwali ɗaya ya isa gida ba yadda aka yi oda ba, sunan da ya yi shekaru yana ginawa ne zai taɓu.

Abubuwa biyu suka fi ba ni mamaki a zaman yau da kullum. Na farko, kusan ba a taɓa kuɗi da hannu. Mai sayar da ayaba a bakin titi ma ta rataye alamar da za ka haska da waya, kuɗin ya fita ta WeChat ko Alipay. WhatsApp da Facebook kuwa ba sa buɗewa a intanet ɗin ƙasar, shi ya sa kowa ya koma WeChat. Na biyu shi ne shirun tituna. Tun 2007 aka hana babura masu shan mai a cikin birnin, sai masu lantarki da ke silalowa ba ƙara, dole mai tafiya a ƙasa ya riƙa waiwaye. Zafin garin ma daban yake da namu. Rana ba ta dukan mutum yadda take yi a Yola a watan Afrilu, amma iskar a jiƙe take, gumi ba ya bushewa.

Abinci bai ba ni wahalar da na zata ba. Akwai shagunan Musulmin Sin masu koren allo da aka rubuta halal da Larabci, inda ake jan taliya da hannu a gabanka a zuba mata romon naman sa. Amma idan kewar gida ta taso, sai a hau bene zuwa wani ɗaki da wata baiwar Allah 'yar Nijar ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Kukar da daddawar duk a jakar matafiya suke zuwa. A nan ake jin wanda ya iso, da wanda ba shi da lafiya, da wanda za a haɗa wa gudummawa.

Ranar Juma'a muka biya yuwan 2, tasha biyu, muka sauka kusa da masallacin Xianxian. A harabarsa akwai kabarin da Musulmin garin ke cewa na Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne, Allah Ya yarda da shi. Littattafan tarihin da muka karanta a gida sun ce a kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a kuma aka binne shi. Amma sahun da na gani ba abin mantawa ba ne: Basine a damana, mutumin Yaman a haguna, gabana 'yan Fakistan da Mali, kafaɗa da kafaɗa. Washegari muka je masallacin Huaisheng a titin Guangta, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar, mai hasumiya doguwa ta kusan mita 36. 'Yan kasuwar Larabawa da Farisa sun zauna a wannan unguwa sama da shekara 1,000 da suka wuce. Ashe fatauci ya daɗe yana kawo Musulmi garin nan, namu mutanen sahun baya ne.

Lahadi ita ce ranar shan iska. Lambun Yuexiu yana daf da Xiaobei, shiga kyauta. A ciki akwai benen Zhenhai mai hawa biyar da aka gina a 1380, da mutum-mutumin awaki biyar da ya zama tambarin birnin. Hawa tudun ya sa ni haki, amma sai ga tsofaffi masu furfura, maza da mata, suna motsa jiki a inuwa, wasu na rawa a jere, wasu na buga kati. Na tsaya ina kallonsu ina tunanin dattawanmu, waɗanda ba su da wurin fita sai dakali da masallaci. Da yamma muka zaga tsibirin Shamian, inda Turawan Ingila da Faransa suka kafa gidajensu a ƙarni na 19, sannan muka hau jirgin ruwa muka tsallaka kogin birnin daga Huangsha zuwa Fangcun a kan yuwan 2. Binuwai a Jimeta yakan janye da rani har a yi noma a bakinsa, kwale-kwale kuma ke tsallakar da mutane. Kogin nan na Guangzhou kuwa an ɗaure bakinsa da kankare, manyan jiragen kaya na kai da kawowa dare da rana.

Duk da wannan sauƙi, baƙo baƙo ne. A cikin jirgi na lura wani lokaci kujerar da ke kusa da ni takan zauna ba kowa, ko da mutane na tsaye. Na kuma gamu da masu kirki, irin dattijuwar da ta bar hanyarta ta raka mu har bakin tasha. Abin da ya fi damun mutanenmu shi ne biza. Dokar da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kan kowace ranar da mutum ya wuce wa'adinsa, har zuwa yuwan 10,000, ko a tsare shi. Na haɗu da wani matashi da takardarsa ta ƙare, ba ya fita sai dare, ko asibiti ba ya iya zuwa. Kuma har yanzu ana tuna watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin a Abuja ya nuna masa ɓacin ran Najeriya.

A daren da zan taso na tambayi Yaya ko yana ganin zai tsufa a nan. Ya girgiza kai. "Ƙanena, nan wurin nema ne. Ko shekara nawa ka yi, zamanka yana rataye ne a jikin hatimin da ke fasfonka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na dawo ina girmama 'yan uwanmu na can fiye da da, domin da haƙuri da gaskiya suke cin abincinsu a ƙasar da ba ta yi musu alkawarin zama ba. Matasan Jambutu da ke tara kuɗin tafiya, shawarata gare su ita ce kada kowa ya tashi sai da sana'a a hannu, da amintaccen mai masauki, da tikitin dawowa, ya kuma fito kafin bizarsa ta cika. Najeriya tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Guangzhou. Haƙƙi ne a kansa ya san inda 'yan ƙasarsa suke, ya sauƙaƙa musu sabunta fasfo, ya kuma tsaya musu tun kafin a kai ga kwana a titi.