Ido ba mudu ba ne: zaɓen taya ga motar gudu

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Maganar ta tabbata a kasuwar hatsi, inda tsohon ɗan kasuwa kan dubi buhu ya faɗi yawan tiyar da ke ciki. A wurin zaɓen taya kuwa ba ta cika tabbata ba, musamman ga irin motar nan ƴar ƙarama mai kujera biyu da aka ƙera domin gudu da daɗin tuƙi, wadda Faransawa ke kira voiture de sport. Duk wanda ya mallaki irinta, ba a daɗewa idonsa zai fara raina ƙafafunta. Zai ga janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya yi masa ƙanƙanta, zai so mai faɗi mai ƙyalli wanda ya cika ramin. Ido ke nan ya yanke hukunci. Saura a ji ta bakin lissafi.

Misalin da ya fi dacewa shi ne Mazda MX-5, wadda kamfanin na birnin Hiroshima ya nuna wa duniya a bajekolin motoci na Chicago a watan Fabrairu na 1989, kuma ya ƙera ta miliyan ɗaya cif a 2016. Samfurin farko bai kai kilo 1000 ba, injinsa lita 1,6 ne kawai. Maƙeranta sun ɗauki wata tsohuwar aƙida ta mahayan Japan, jinba ittai, mai nufin doki da mahayi su zama jiki ɗaya. Mutumin Damagaram ko na Katsinar Maraɗi da ya taɓa kallon sukuwa ranar hawan salla ba ya buƙatar fassara. Ya kuma san cewa dokin da aka lulluɓe da lifidi ya fi kwarjini a ƙofar fada, amma ba shi ake sakin wa linzami a fili ba.

Tayar da motar ta fito da ita daga masana'anta na ɗauke da wannan rubutu: 185/60 R14 82H. Layi ne gajere, sai dai ma'auni uku ne suka gwamutsu a cikinsa. 185 faɗin taya ne da milimita. 60 ba milimita ba ne, kaso ne: tsayin gefen taya ya kai kashi 60 cikin ɗari na faɗinta, wato milimita 111. R na nufin radiyal, irin saƙar da Michelin ya yi wa rajista a 1946. 14 kuwa faɗin janti ne da inci, ma'aunin Ingilishi, kowane inci milimita 25,4. Michelin ya taɓa yunƙurin raba wannan auren dole a 1975, da tayar TRX wadda jantinta ke bin milimita, amma kasuwa ta ƙi, inci ya zauna daram. Malamin da ke neman aikin gida kan kaso da sauya ma'auni, ga shi nan a gindin kowace mota da ke tsaye a ƙofar lakwal.

Idan aka haɗa janti, milimita 355,6, da gefen taya na sama da na ƙasa, 222, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya zama kusan milimita 578. Wannan adadi shi ne ginshiƙin maganar. Da shi aka daidaita agogon gudu, da giya, da sararin da ƙafa ke juyawa a ciki. Masu sana'ar sun saba cewa kada a kauce masa da fiye da kashi 3 cikin ɗari. Saboda haka duk incin da aka ƙara wa ƙarfe, daga roba da iska ake cire shi. Taya 195/50 a kan janti 15 ta ba da milimita 576, kamar ba a taɓa kome ba, gefenta ya sauka zuwa 97,5. Taya 205/40 a kan janti 17, wadda ita ce ido ke kwaɗayi, ta kai kusan 596: ta ɗan haura iyaka, agogo na nuna 100 alhali mota na gudun 103, gefen kuma ya koma milimita 82.

Ba za a ce babban janti ba shi da amfani ba. Gajeren gefe ba ya lanƙwashewa sosai a kwana, don haka sitiyari ya fi saurin amsawa, kuma akwai wurin sa birki mai girma. Ko gasar Formula 1, da ta shafe shekaru da dama a kan inci 13, ta koma 18 a 2022. Amma a tuna cewa a kan kwalta mai santsi kamar faranti ake wannan gasa.

Abin da ake asara shi ne abin da ido ba ya gani. Gefen taya shi ne katifa ta farko tsakanin hanya da mota. Shi ke fara shanye duka kafin ya isa ga sifirin. Milimita 29 da aka rage tsakanin 111 da 82 ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, amma a bakin rami su ne tazarar da ke tsakanin girgiza da lanƙwasar janti, ko kumburin gefen taya wanda babu mai facin da zai iya gyara shi. Sa'an nan ga nauyi. Ƙafa ba ta cikin abin da sifirin ke ɗauke da shi, ita ce ke tsalle a ƙarƙashinsa, kuma iyakar nauyinta iyakar wahalar mayar da ita ƙasa bayan ta daki tudu. Tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Ga mota mai nauyin tan biyu, ƙarin kilo uku a kowace ƙafa ba wani abu ba ne. Ga wadda ba ta kai tan ɗaya ba, mai ƙaramin inji, direba zai ji shi tun daga giya ta farko. Jantin araha da aka zuba domin ado sau da yawa ya fi na asali nauyi nesa ba kusa ba. An biya kuɗi ke nan an saya wa dokin sukuwa lifidi.

Akwai kuma ma'aunai da ba a rubuta su a jikin roba ba, sai a bayan ƙarfe. Na farko ramukan noti: MX-5 ta farko na da huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Peugeot 205 na da huɗu ita ma, amma a kan 108, wanda ba zai shiga ba ko an yi dambe, kuma wannan alheri ne. Haɗarin na ga ƙananan motocin Fiat masu 98. Bambancin milimita 2 ne, janti kan shiga da ɗan matsi, noti kan ɗauru a karkace, mai mota ya tafi yana murna, ƙarfe kuma na ta gajiya a ɓoye har ranar da zai karye. Na biyu shi ne lambar da ke bin haruffan ET, taƙaitaccen wata kalmar Jamusanci, abin da Faransanci ke kira déport: nisan fuskar da ake ɗaurewa daga tsakiyar janti. Na asali ET45 ne a kan faɗin inci 5,5. Wanda ya sa mai faɗin inci 7 da ET35, bakin jantinsa ya fito waje da kusan milimita 29, ya kuma matsa ciki da 9. Ko taya za ta goge jikin mota idan an murɗe sitiyari har ƙarshe, ko idan an ɗauki mutum biyu da kaya, ba a sanin wannan sai da awo.

Mafi yawan shawarwarin da ake karantawa kan wannan batu an rubuta su ne domin hanyoyin Turai da Amurka da Japan. Motocin hannu da suka shigo Nijar shekara da shekaru ta tashar Kwatano sun zo da ƙafafun da aka zaɓa domin can, wasu ma da tayar hunturu mai alamar dutse da ƙanƙara a gefe, wadda robarta mai laushi ke saurin cinyewa a kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wanda zai bi babbar hanya daga Yamai ta Dosso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, da tudun rage gudu a mashigar garuruwa da yashin da iska ke kwantarwa a gefe, ya fi mutumin Munich buƙatar kowace milimita ta gefen tayarsa. Kuma idan ta fashe a tsakanin ƙauyuka, tambayar farko ita ce wace lamba ake samu a garin gaba. Inci 14 da 15 sun fi sauƙin samu. A irin wannan hali, 195/50 a kan janti 15 maras nauyi ita ce iyakar abin da hankali zai yarda da shi ga wannan mota, kuma wanda ya bar ta a kan 14 bai yi kuskure ba.

Saura ƙarshen layin, 82H, wanda mai saye kan tsallake. 82 na nufin kowace taya na iya ɗaukar kilo 475. H na nufin an gwada ta har kilomita 210 a sa'a, V kuma 240, W 270. Ana iya hawa sama da abin da maƙera suka rubuta, ba a sauka ƙasa. Can gefe, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu da ake bugawa tun shekarar 2000: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai 2314 an yi ta ne a mako na 23 na 2014. Zanenta na iya zama da zurfi kamar sabuwa, mai sayarwa ya shafe ta da mai tana sheƙi, amma roba na bushewa da shekaru ko ba a hau ta ba, kuma wannan lambar takan kasance a gefe ɗaya kawai, sai an juya tayar kafin a gan ta.