Gilashin da haske ke motsa wa ciki

A Oksfod ta Ingila kowa kan keke yake, har furofesoshi masu furfura. Bayan su na bi zuwa sashen fiziks na jami'ar, inda Henry Snaith da ɗalibansa suka haura shekara goma suna fama da perobskait, sinadarin da ake sa ran zai ƙara wa faifan sola ƙarfi.

Wata ɗaliba ta miƙo mini ɗan gilashi mai baƙin shafe, shafen ko kusa bai kai kaurin gashi ba. Ta ce, "Malam, silikon ɗin da ke kan rufinku kafaffe ne. Wannan kuwa da ya ga haske sai cikinsa ya motsa."

Haske kan fizgo ilektron daga mazauninsa ya bar gurbi, su biyun ne ke ɗaukar lantarki. To ginin ƙwayoyin perobskait taushi gare shi. Duk inda ilektron ya tsaya sai ƙwayoyin kewaye su karkata, kamar katifar auduga ƙarƙashin ƙato. Perobskait ɗin da ake shimfiɗawa kan silikon, sinadaran aidin da buromin ake gaurayawa a cikinsa, kuma masana da yawa na ganin wannan matsin ne ke sa aidin ya ware ya taru wuri guda. Masu ɗaukar lantarkin su gangara can, ƙarfin wuta ya faɗi. Eric Hoke da abokan aikinsa na jami'ar Stanford suka bayyana warewar a 2015. A mayar da gilashin duhu, cikin 'yan mintoci ya koma yadda yake.

Ci gaba kam an yi. A 2009 Tsutomu Miyasaka na Japan kashi 3.8 cikin ɗari kawai na hasken ya iya mayarwa lantarki. A 2024 kamfanin Oxford PV ya aika Amurka da faifai masu kashi 24.5.

Amma mai cajin waya a Dirin Daji, hedikwatar Sakaba, wanda ya sayar da dawarsa ya sayi faifai, shekara nawa faifan zai yi ita ce tambayarsa. Na silikon akan yi masa alƙawarin shekara 25. Da na faɗi haka, ɗalibar ta ambaci gwajin da aka gada daga silikon: zafi digiri 85, laima kashi 85, awa 1000. A duhu ake yin sa. Ni da za a ji ta tawa, a kafa faifan kan kwanon shago a ƙasar Zuru tun daga Maris har damina ta ɗauke.