Iskar Gabas da Barkonon Gwaggo a Salaga

Duk wanda ya tashi daga Kumasi zai tafi Salaga ta hanyar Ejura da Atebubu, to ba makawa sai ya tsaya a Yeji ya jira jirgin fito ya ƙetare da shi tafkin Volta zuwa Makango. A nan na fara jin zancen iska cikin wannan tafiya da na yi a watan Mayu. Muna zaune bakin ruwa sai masu kwalekwale suka dubi gabas, suka ce su kam yau sun tashi aiki. Tafkin nan, wanda ya samu sanadiyyar madatsar Akosombo da aka kammala a 1965, ya shanye daji mai yawa, kuma kututturan itatuwa suna nan ƙarƙashin ruwa. In iska ta maka kwalekwale a kansu, sai abin da Allah ya yi. Muka kwana a Yeji.

Salaga ba baƙon gari ba ne ga Bahaushe. Nan kakanninmu suke zuwa da ayari fataucin goro, wato fataucin Gwanja, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran zanguna. Tsofaffin rijiyoyin garin suna nan har yau. Amma ni ba tarihi ya kai ni ba, gwaggona na je gaisarwa.

Na same ta a bayan ɗaki, cikin barkononta, tushe kamar arba'in. Shi take shanyawa ta daka ta kai kasuwa, da shi take sayen sabulu da magani ba tare da ta roƙi kowa ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, ajiye jakar ka zo ka riƙe mini sandar nan. Iskar jiya somin taɓi ce."

Na ce, "Gwaggo, barkono ne sai ka ce doya, har da kafa masa sanda?"

Ta yi dariya ta ce da ganina na daɗe a birni. Barkono, in ji ta, saiwarsa ba ta nisa cikin ƙasa, rassansa kuma ba su da danƙo. In ya ɗauki 'ya'ya ya yi nauyi, iska ɗaya ta isa ta tsage shi daga inda reshe ya rabu biyu, ko ta kwantar da shi saiwa a waje. Yawancin sandunanta tun ranar dashe ta kafa su, domin in ka bari sai tushe ya girma, sandar da kanta za ta yanke saiwa. Tana ɗaurewa da tsumman tsohon zane, ta harɗe shi tsakanin sanda da tushe, ta bar sarari kamar yatsa biyu. Ba ta yarda da waya ko igiyar leda, don suna cin jikin tushen. Sannan ta turo ƙasa gindin kowane ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dangarta. Zana ce ta kafa ta wajen gabas, inda hadarin farkon damina yake tasowa, kuma ba ta saƙu sosai ba, kana hango waje ta cikinta. Na ce ai in Allah ya hore zan turo kuɗi a yi mata ginin bulo. Ta ce in riƙe kuɗina. Iska in ta bugi gini sai ta haura ta faɗo da ƙarfi a bayansa tana juyawa, amma zana tace ta take yi, ta wuce a gajiye. Bara maƙwabciyarta ta dasa nata a bayan katanga, dare ɗaya ya kwanta duka. Ni dai na ga gaskiyar Gwaggo, ko da yake zana tana son canji kusan kowace shekara, ga gara. Da hunturu kuma sai ta matsar da zanar ta arewa maso gabas, don busasshiyar iskar nan tana kakkaɓe fure.

Bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Gwaggo ta sa jikoki suka tsinke duk barkonon da ya nuna ko ya kusa, don a rage wa rassa nauyi, na cikin tsofaffin bokitai kuma aka shigar da su zaure. Iska ta zo kafin ruwa, da ƙura da karan kwanon rufi, har sai da wani maƙwabci ya rasa falle biyu.

Da gari ya waye muka leƙa. Zana ta karkace amma ba ta faɗi ba. Tushe huɗu sun kwanta, biyu daga ciki waɗanda ni na ɗaure, na kuma yi shiru. Gwaggo ta tayar da su tun ƙasa tana da laima, ta danne gindinsu da ƙafa, ta sa wuƙa ta yanke rassan da suka tsage don kada su ruɓe, ta buɗe wa ruwan da ya kwanta hanya. Ɗanyen barkonon da ya zube kuwa, shi muka ci a miyar kuɓewa da rana, kafin in kama hanyar Makango.