Tsargiya, Da Yaron Da Na Hora A Banza

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aka ba ni aji huɗu a wata makarantar ƙauye da ke bakin rafi. A cikin ajin akwai wani yaro siriri, mai kimanin shekara 11, wanda ba a gama darasi ɗaya sai ya ɗaga hannu sau biyu ko uku, ya ce, "Malam, zan zaga." Ran fari na bar shi. Ran na uku na ce lalle wannan gudun lissafi ya ke yi, na sa shi ya durƙusa a gaban allo har aka tashi tara. Bai yi kuka ba, sai dai ya yi ta matse ƙafa.

Da aka fita, na bi bayan makaranta domin in ga inda ya ke zuwa. Nan a kan yashi na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi, watau ɗigon jini a inda ya tsuguna. Ban bukaci kowa ya gaya mini ko mene ne ba, gama ni ma na yi shi ina yaro. A garinmu har alfahari mu ke yi da tsargiya, manyan yara suna cewa alamar zama namiji ce. Sai da wata Sista a ɗakin shan magani na Mishan ta sa fitsarina a ƙarƙashin madubin likita, ta ce in leƙa, kāna na san ciwo ne. Na ga wani ƙwai mai kamar ƙwayar dabino, da ɗan tsini a gindinsa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, musamman ku da ke da niyyar aikin jiyya, ga yadda abin ya ke tafiya. Mai tsargiya ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwan ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe. Ɗan abin da ya fito ba ya iya kama mutum. Dole sai ya sami wani irin ƙaramin dodon koɗi na ruwa ya shige jikinsa, in bai samu ba ya mutu. A cikin dodon koɗin ya ke hayayyafa, bayan kamar wata guda dubbai su fito, kowane da wutsiya mai baki biyu. Su ne ke huda fatar mai wanka ko mai wanki, ba sai da rauni ba, kuma ba sai an sha ruwan ba. Abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba.

Daga fata sai su bi jini, su ratsa huhu, su sauka a jijiyoyin hanta, su girma su zama tsutsotsi. Namijin wajen rabin inci ne, macen ta fi shi tsawo da siranta, kuma yana da wani kwari a cikinsa inda ya ke riƙe ta. A haka su ke ƙaura tare zuwa jijiyoyin da suka kewaye mafitsara. Wata biyu zuwa uku bayan wankan nan da yaro ya manta da shi, macen ta soma zuba ƙwai ɗaruruwa kowace rana, kuma tana iya yin shekaru tana yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsutsar kanta ba ta cika yin ɓarna ba. Ƙwan ne masifa. Waɗansu suna huda bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ya sa jinin ya kan zo a ƙarshen fitsari, da zafi, da yawan jin matsuwa irin na ɗalibina. Amma da yawa ba sa samun hanyar fita, sai su maƙale a cikin nama. Jiki kuwa ba ya ƙyale baƙo. Sai ya aiko da mayaƙansa na cikin jini su kewaye kowane ƙwai, wurin ya kumbura, daga baya ya zama tabo. Tabo bisa tabo, shekara bisa shekara, mafitsara ta yi tauri ta daina buɗewa sosai. In tabon ya toshe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, fitsari ya koma baya, ƙoda ta kumbura ta lalace. Waɗansu kuma a ƙarshe ciwon daji na mafitsara ya kama su. Ga mata ƙwan ya kan sauka a mahaifa da hanyarta, ya kawo ciwo da zubar jini, wani lokaci har rashin haihuwa. Ashe rabin ɓarnar jikin mutum ne ke yi wa kansa garin kāre kansa.

Akwai kuma wani tarko. Galibi in yaro ya girma jinin ya kan ragu ko ya ɗauke, mutane su ce ya warke, alhali tabon yana nan a ciki.

Ciwon daɗaɗɗe ne. A 1910 an ga ƙwansa a ƙodar gawawwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa Turawa ke kiran ciwon da sunansa. Amma sai 1915 Robert Leiper ya tabbatar da aikin dodon koɗi a ciki. Dā da allurar wani magani mai dafi a ke yi, ana ta komawa kwana da kwanaki. Yanzu akwai ƙwayar firazikwantal, wadda a makarantu a kan auna tsawon yaro da sanda a san ko guda nawa zai haɗiya, bayan ya ci abinci. Tana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ta hana sabon kamu.

Washegari na je gidansu yaron, na gaida mahaifinsa, na ce, "Baba, na yi wa ɗanka laifi jiya, na zo ba da haƙuri." Ya yi dariya ya ce ai malami ba ya laifi, tsargiya kuma kowane yaro yana yi. Na daɗe ina bayani kafin ya yarda mu tafi asibiti. Aka ce mu kawo fitsarin tsakar rana, domin lokacin ƙwai ya fi yawa. Aka gani, aka ba shi magani.

Da na tambayi ajin ko su wa ke ganin jini, da fari shiru, sa'an nan hannuwa suka soma tashi ɗaya bayan ɗaya, har na bar ƙirgawa. Na gaya musu ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu ba shi da sauran abin huda fata, su yi wanka da shi, kuma kada kowa ya yi fitsari a rafi. Suka ce, "To, Malam." Ran da zan komo kwaleji, motarmu ta bi ta kan gada da rana tsaka, na hango su a ruwa har wuya, ɗalibina a cikinsu yana ɗaga mini hannu.