Gizo a Cikin Akwatin Tela

Akwai wani tsohon tela a garin Sokode wanda yake ajiye wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kekensa na ɗinki. Masu kawo masa ɗinki suna tsammani kuɗi ne a ciki, amma tsofaffin takardun hotuna ne, waɗansu har sun yi ja saboda daɗewa.

Yana yaro ya fara tara su. Wata rana aka ƙunshe masa ƙosai a cikin wata takarda, da ya cinye sai ya ga hoton ɓera sanye da wando da takalmi. Shafi ne na Le Journal de Mickey, jaridar yara da aka fara bugawa a Faransa a 1934. Tun daga ranar, duk inda ya ga irinta sai ya roƙa ko ya saya. Faransancinsa bai yi ƙarfi ba, saboda haka hotunan yake karantawa, sa'an nan da dare ya ba ƙannensa labarin da Hausa. Donald ya zama Agwagwa Mai Fushi. Picsou, attajirin agwagwan nan da Carl Barks ya ƙago a Amurka a 1947, ya zama Baba Marowaci. Mahaifiyarsu takan saurara ta ce, "Ai wannan Gizo ne ya sa rigar Turawa."

Bayan an buɗe gidan talabijin na Togo a 1973, da sannu akwatunan kallo suka iso Sokode, har ya ga dabbobin suna motsi a gidan wani maƙwabci. Wanda ya fi shiga ransa shi ne Tom da Jerry, kyanwa da ɓera, aikin William Hanna da Joseph Barbera tun daga 1940. Ba a cika magana a ciki ba, kiɗa da motsi ne suke ba da labari, don haka Bakotokoli da Bahaushe da Bakabiye sukan zauna tabarma ɗaya su yi dariya lokaci guda. Da ya ji cewa hoto 24 ne yake wucewa a kowane sakan, ya yi lissafi ya ga majigin minti 7 yana ɗauke da hoto fiye da 10,000, kuma da hannu aka zana dabbobin. Shi da ya san wahalar surfani, allura bayan allura, bai ƙara raina aikin ba.

Shekaru suka wuce, ya aurar da 'yarsa a Dapaong. Ran nan ta kira shi tana kuka. Ɗanta mai shekara 8 ya kwaɗa wa ƙanwarsa muciya a ka, jini ya zuba, da aka tambaye shi sai ya ce haka Jerry yake yi wa Tom, kuma Tom yakan tashi. Mijinta ya yi wa yaron dūka, ya ƙwace wayar da yake kallo a ciki, ya ce ba sauran katun a gidansa. Yaron kuwa ya daina yi wa ubansa magana.

Tsohon ya ɗauki akwatinsa ya shiga mota, ya bi ta Bafilo da Kara da Mango, tafiyar kusan kilomita 300. Bayan an ci tuwon dare, ya ce wa surukinsa, "Ɗana, da wa yaron nan yake kallo?"

"Shi kaɗai, Baba. Uwarsa tana aiki, ni ina kasuwa."

"To, laifin ba na kyanwa ba ne. Mu ma an ba mu labarin yadda Gizo ya cuci giwa da dorina, amma bakin da ya ba mu labarin shi ne ya gaya mana ƙarshen macuci. Waya ba ta tsayawa ta tambayi yaro abin da ya gane."

Sai ya kira jikan ya ce, "Zo nan, abokina." Ya ɗauki wani tsohon littafin rubutu, ya zana ɓera a kusurwar kowane shafi, kowanne da ɗan bambanci, sa'an nan ya saki shafukan da babban yatsa. Ɓeran ya yi tsalle. Yaron ya buɗe baki.

"Ka gani? Tom tawada ne da takarda. In an daka shi, mai zane ya sāke zana shi. Wa zai sāke zana kan ƙanwarka?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa, Kaka." Ya je ya taɓa tabon yarinyar, ya fashe da kuka.

Kwana uku tsohon ya yi a Dapaong. Kowane dare yakan buɗe akwati, yara na maƙwabta su taru. Ya gaya musu cewa ba Turawa kaɗai suka iya wannan sana'a ba: Moustapha Alassane, mutumin Nijar wanda ya zauna a Tawa, ya yi majigin zane mai suna Bon Voyage Sim a 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara, kuma manya sun gane wa ake yi wa hannunka mai sanda. A dare na uku uban yaron ya jawo kujera, ya fito da wayar da kansa, suka kalli majigi ɗaya tare. Da kyanwa ta fāɗa tarkon da ta ɗana wa ɓera, dariyarsa ta fi ta kowa.

Ya ku iyaye, tatsuniya ba ta taɓa zuwa wa yaro ita kaɗai ba, kullum da babba a gefe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma minti 7 ba su fi ƙarfin kowane uba ba.

Da tsohon zai koma Sokode, ya bar akwatin a Dapaong. Makullin kuwa surukinsa ya ba, ya ce kada a buɗe sai yana nan.